Yadda ake gyara jitar lantarki mai araha da ba ta riƙe saiti

Idan jita tana sakin saiti bayan kowace waƙa, yawancin masu ita kunnuwanta (abubuwan da ake murɗawa a kan jitar don saita tsirkiya) suke ɗora wa laifi, su je su sayo sababbi. Galibi asarar kuɗi ce. A cikin kowane kunne akwai ƙarfe mai zare da ke juya ƙaramar giya, kuma ƙirarsu ba ta barin jan tsirkiya ya mayar da giyar baya, ko da kunnen na araha ne. Tsirkiya kan saki saiti ne a wuraren da take zamewa ko take cijewa: a naɗinta kan turken kunne, a gurbinta na matashi (farin abin nan mai gurabe shida da ke tsakanin wuya da kai), a ƙarƙashin ƙaramin ƙarfen da ke danne ta a kan jitar, da kuma a jaki (ƙarfen da ke riƙe ɗaya ƙarshen tsirkiyoyi a jikin jitar). Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, sai an gano wanne ne.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar saiti ta maƙalawa ko manhajar waya, sabon saitin tsirkiyoyi, filaya mai yanka waya, sukudireba mai kan gicciye, sifana mai lamba 10, alanki ƙanana, fensir, basilin, tsinken sakace, samfefa mai laushi lamba 600 ko 800, gam na katako, da rula ta ƙarfe mai milimita. Idan za a samu fila geji irin ta makanikai, wato siraran ƙarafan auna rata, ya fi.

Gano inda cutar take

Saita jitar tsaf, E A D G B E, na'urar tana kan 440, lambar ma'aunin sautin da kowa ke saiti a kai. A duba wannan lamba, domin wani lokaci hannu kan taɓa maɓalli ta koma 442 ko 438, mutum ya yi ta faɗa da abokan kiɗa ba gaira ba dalili.

Ɗauki tsirkiya ta 3, wato G (daga mafi siranta ake fara ƙirga), ita ce ta fi kowace rigima. Danna ta a firet na 7 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuya, daga wajen matashi ake ƙirga su), ka tura ta gefe da ƙarfi sau uku, ka saki, ka duba na'ura. Idan sautin ya sauka, ko dai naɗi ne bai zauna ba, ko matashi ya riƙe. Don a raba gardama, sake saita ta, sannan ka danna tsirkiyar da yatsa a bayan matashi, tsakaninsa da turke, ka saki. Idan sautin ya hau ya ƙi dawowa, matashi ne, ba shakka: ka jawo tsirkiya ta bayansa, ya cije ta ya hana ta komawa. Wata shaidar ita ce ƙarar "ting" da ake ji lokacin murɗa kunne, sautin ya tsaya cak, can kuma ya yi tsalle ya wuce inda ake so.

Idan kuwa tsirkiyoyin shida ne suke sauka tare duk lokacin da aka tura ɗaya, ko suka tashi tare bayan an taɓa sandar tiremolo (sandar da ke jikin jaki, wadda ake dannawa don kaɗa sauti), jaki ne. Idan ka girgiza wuya a hankali ka ji sauti yana rawa ko ka ji ƙas, sukurorin wuya ne. Idan jitar tana daidai a sake, wato ba a danna tsirkiya ba, amma kod (sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) yana tsami da an danna, wannan ba sakin saiti ba ne, awon wuya ne, za mu zo kansa.

Tsirkiya da naɗinta

Kada a ɓata lokaci ana gyara da tsohuwar tsirkiya. Wadda ta yi tsatsa, ko ta lotsa a wuraren da take taɓa firet, nauyinta ba daidai yake ba daga farko zuwa ƙarshe, allurar na'ura ma ba za ta tsaya a kanta ba. Waɗanda jitar araha ke zuwa da su daga kamfani sun daɗe a kwali, a cire su. Mai kiɗa kullum, musamman mai gumin hannu, ya canza duk wata biyu zuwa uku. A kula da jabu kuma, ana buga sunayen manyan kamfanoni a kan fakitin da ba nasu ba.

Yawancin jitocin ƙirar Stratocaster, wata sananniyar ƙirar jitar lantarki, da saitin tsirkiyoyi 9 zuwa 42 suke zuwa, wato lambar kaurin mafi siranta da ta mafi kauri. Jansa gaba ɗaya ya kai kusan kilo 38. Saitin 10 zuwa 46 kuwa kusan kilo 46 ne. Masu cewa a ƙara kauri don jita ta riƙe saiti suna da 'yar gaskiya, tsirkiya mai kauri ba ta saurin hawa idan yatsa ya danne ta. Sai dai an yanka guraben matashin ne don siraran, da ka sa masu kauri cijewar za ta ƙaru, jakin ma ya ɗaga. Wanda bai shirya faɗaɗa gurabe ba ya tsaya kan kaurin da ya tarar.

Ga yadda ake naɗin. Juya turke har raminsa ya fuskanci matashi. Zura tsirkiya, ja ta ta miƙe, sannan ka mayar da ita baya santimita 5 ga masu kauri uku, santimita 6 zuwa 7 ga siraran uku. Lanƙwasa ragowar a bakin ramin, lanƙwasa mai kaifi, domin ita ce makullin farko. Riƙe tsirkiyar da ɗan ja a hannu ɗaya, ka murɗa da ɗayan. Zagaye na farko ya bi ta saman wutsiyar da ta fito, sauran duka su bi ta ƙasanta, kowanne ƙarƙashin na baya, ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Da ja ya ƙaru, na sama da na ƙasa za su matse wutsiyar a tsakani. Masu kauri zagaye 2 zuwa 3, siraran 4 zuwa 5. Fiye da haka tarin waya ne da zai yi ta matsewa har mako guda. Ƙasa da haka siririya za ta zame. A jita mai kunnuwa shida a layi ɗaya, duk tsirkiyoyin ta gefe guda suke hawa turke. A mai uku nan uku can, kowace ta ciki take bi.

Sai miƙarwa, wadda mutane da yawa ke tsallakewa. Kai tsirkiya sautinta, ka ɗaga ta sama daga wuya kamar santimita 2, a firet na 5, na 12, da kusa da jaki, ɗayan hannun yana danne da ita kusa da matashi don kada ta fita daga gurbi. Za ta sauka. Sake saitawa, ka sake ja. Haka za a yi har ta daina sauka, yawanci zagaye uku zuwa biyar. A tausaya wa ta 1, ja mai ƙarfi kan tsinke ta a turke.

Dokar murɗa kunne ɗaya ce: daga ƙasa ake hawa zuwa sauti. In ka zarce, sauko ƙasa sosai, ja tsirkiyar kaɗan, ka sake hawa. Tsakanin haƙoran giya akwai ɗan wasa, kuma wanda ya tsaya a kan saukowa ya bar wannan wasan a buɗe.

Matashi

Nan ne aikin yake, nan kuma kamfanoni ke rage kuɗi. A jitar araha matashin roba ce da aka zuba a inji, ba wanda ya bi gurabenta da zarto. Robar tana da taushi, tsirkiya mai naɗi tana nutsewa a cikinta tana barin sawun zarenta, daga baya sawun nan ne ke kama ta.

Fara da abin da ba ya ɓata komai. Sassauta tsirkiya, ɗaga ta gefe, ka goga bakin fensir a cikin gurbin har ya yi baƙi. Wanda ya fi haka daɗewa shi ne ka kankare bakin fensir ya zama gari, ka kwaɓa da ɗigon basilin, ka sa da tsinken sakace. Ɗan mitsitsi ya isa. Maiƙo mai yawa ƙura yake tarawa, ba a kuma sa man girki, yana daskarewa ya yi danƙo. Maimaita gwajin danna bayan matashi. In sautin yana dawowa daidai, an gama da nan.

In bai dawo ba, gurbin ya matse. Gurbi mai kyau ya ɗan fi tsirkiyarsa faɗi kaɗan, gindinsa a zagaye, kuma yana gangarawa zuwa wajen kai, ta yadda wurin da tsirkiya ta fi zama shi ne bakin gaba, wanda ke fuskantar firet na 1. Zarton matashi na musamman ya fi, amma yana da tsada. Ga masu kauri uku, guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi ta wannan kaurin yana yin aikin: riƙe shi da hannu biyu, ka goga shi cikin gurbin kana matsa shi jikin bango na dama da na hagu. Ga siraran, ninka samfefa a kan gefen tsohon katin waya ko siririn ƙarfe. Alluran da masu waldar gas ke share bakin tocinsu da su ma suna yi, kauri daban-daban ne a cikin ƙunshi ɗaya.

Faɗi ake nema, ba zurfi ba. Kafin ka fara, zana fensir a gindin gurbin. Muddin baƙin yana nan ba ka ci gindin ba. Goga uku ko huɗu, ka mayar da tsirkiya, ka saita, ka gwada. Hannunka ya karkata zuwa wajen kai a kowace goga. Idan ka riƙe shi a miƙe, ko ya karkata zuwa wuya, tsirkiyar za ta zauna a bakin baya, ta riƙa zuza, awon firet ɗin farko ma ya lalace.

A jitoci ƙirar Les Paul da SG, tsirkiya ta 3 da ta 4 suna karyawa gefe sosai bayan sun bar matashi kafin su kai turakunsu, ga shi kan jitar ya kwanta baya. Shi ya sa G ɗinsu ta yi suna wajen sakin saiti, har a masu tsada. A nan ana ɗan buɗa bayan gurbin zuwa wajen da turken yake, a goge kusurwar da tsirkiya ke gogawa. Bakin gaba kuwa ba a taɓa shi.

Idan an zarce da zurfi, tsirkiyar za ta yi zuza a sake amma ta yi shiru da an danna firet na 1. Ana cike gurbin: manna salatif a gefe biyu na matashi, zuba garin bekin soda ko garin ƙashi, ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya da tsinke, a bar shi ya bushe sosai, a sake yankawa. Faci ne, yana kai watanni. Gyara na dindindin shi ne sabon matashi na ƙashi ko na kamfanin Graph Tech. A auna tsawo, kauri da tazarar gurabe na tsohon kafin a saya, a duba kuma ko gindinsa a miƙe yake ko a lanƙwashe. Wajen cirewa, bi gefunansa da reza don fenti kada ya ɓalle, ka buga shi a hankali ta gefe. Sabon kuma ɗigo biyu na gam ɗin katako ya ishe shi, tsirkiyoyi ne ke danne shi.

Ƙaramin ƙarfen da ke danne ta 1 da ta 2 a kan Stratocaster shi ma wurin gogayya ne. Na araha gefensa da kaifi. Cire shi, goge ƙarƙashinsa da samfefa, shafa kwaɓin fensir. Idan ya danne tsirkiya ƙasa ƙwarai, sa masa wasa (siririn zoben da ake sa wa sukuru) ɗaya ko biyu a ƙarƙashi ya ɗan ɗaga. Aikinsa kawai ya hana tsirkiya fita daga gurbi.

Kunnuwa

A nan abu uku ake dubawa. Notin da ke kewaye da turke ta gaba, sifana 10 ce ke kama shi, a ɗaure shi lokacin da babu tsirkiya, har ya zauna, ba har fenti ya fashe ba. Ƙananan sukurorin baya, idan ɗaya yana juyawa ba ya kamawa, cusa tsinken sakace da gam a ramin, karya ragowar, ka mayar da shi bayan ya bushe. Sukurun da ke kan maɓallin murɗawa kuma taurin murɗi kawai yake saitawa, ɗaure shi tamau ba ya ƙara riƙe saiti, sai ma ya fasa wasar robar da ke ciki.

Ana canza kunne ne idan turkensa yana lilo a cikin gidansa, ko giya tana tsallake haƙori, ko sai an murɗa da nisa kafin turke ya motsa. Kunnuwa masu kulle tsirkiya suna kawar da matsalar naɗi, suna sa a yi saurin sa tsirkiya, amma ba sa warkar da matashi. A auna ramin kafin saye: na zamani milimita 10 ne, na tsohuwar ƙira ya fi ƙanƙanta.

Jaki

Jakin tiremolo mai sukuru shida, wanda aka kwaikwayo daga Stratocaster ta 1954, ja-in-ja ne tsakanin tsirkiyoyi a gaba da sifirin a baya. Idan farantin jakin bai dawo daidai inda ya tashi ba, duka shidan sun tafi. Tambayar farko ita ce ko mai jitar yana amfani da sandar ma. Masu kiɗa da yawa ba sa taɓa ta. In haka ne, a kashe tiremolon kawai. Buɗe murfin baya, za ka ga sifirin uku maƙale da farantin ƙugiya mai dogayen sukurori biyu. Ɗaure su, zagaye ɗaya nan ɗaya can, kana sake saita jitar, har bayan jakin ya kwanta a jikin katako kuma bai ɗaga ba ko ka tura tsirkiya da ƙarfi. In ukun sun gaza, ƙara na huɗu ko na biyar, akwai gurabensu. Mai son ya rufe maganar gaba ɗaya ya yanko katako mai tauri daidai ratar da ke bayan dunƙulen ƙarfen jakin da sifirin ke maƙale a jikinsa, ya cusa shi ya zauna dam. Amfanin wannan a fili yake a dandali: ko tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar na nan a saitinsu.

Wanda yake son sandar kuma, sukurori shidan nan zai gyara. Kamfani kan ɗaure su duka tamau, faranti ya kasa juyawa. Sassauta tsirkiyoyi, ɗaga duka shidan kamar milimita 1.5 sama da faranti, sannan ka mayar da biyun gefe har kansu ya taɓa faranti ba tare da ya danne shi ba. A kan biyun nan zai riƙa juyawa, huɗun tsakiya riƙo ne kawai. Shafa ɗan maiƙo ƙarƙashin kawunansu da kan kowane sirdi, wato ƙaramin ƙarfen da kowace tsirkiya ke zama a kai a jaki. Idan ana son sandar ta yi sama da ƙasa, a bar rata milimita 3 tsakanin bayan faranti da jikin jita. A sani dai cewa jakin araha ƙarfensa da taushi, lilo mai sauƙi zai ɗauka, ba nutso har ƙasa ba. Kwaikwayon Floyd Rose, wani irin jakin tiremolo, ya fi muni a nan: da kaifin bakin da yake juyawa a kai ya dakushe ba ya dawowa wuri ɗaya, toshe shi da katako ya fi arha.

Kowane sirdi yana tsaye ne a kan ƙananan sukurori biyu. Duka biyun su taɓa faranti daidai. Idan ɗaya yana reto, sirdin zai karkata ko ya yi ta sauka da kansa. Ɗigon jan farce a kan zaren yana hana shi kwancewa, kuma alanki na iya karya shi daga baya.

Sukurori huɗun da ke riƙe wuya a bi su a gicciye, a ɗaure da hannu. Kafin a ƙarasa, dubi jitar ta gaba: tazarar ta 1 da ta 6 daga gefen wuya ta zama ɗaya. In ba haka ba, sassauta su kaɗan, ture wuyan gefe, ka ɗaure.

Idan a sake daidai ne amma kod yana tsami

A bi wannan jeri, domin kowane mataki yana canza na bayansa. Na farko lanƙwasar wuya: danne ta 6 a firet na 1 da na ƙarshe, ka auna ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Kusan milimita 0.25 ake so. In ta fi haka, ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya zuwa dama, in babu rata sassauta zuwa hagu, rubu'in zagaye a lokaci guda, a jira wuyan ya zauna. Idan ta yi tauri ta ƙi juyawa, a tsaya a kai wa mai gyara, karyewarta ta fi kuɗin jitar.

Na biyu tsayin tsirkiya, kusan milimita 1.6 a firet na 17, ana iya ƙara kaɗan ga masu kauri. Na uku tsayin matashi: danne tsirkiya a firet na 3, ratar da ke saman firet na 1 kada ta wuce kaurin takarda. Jitocin araha kusan kullum matashinsu ya yi tsayi, shi ne dalilin da kod ɗin farkon wuya ke hawa sama da sauti. A nan ne kaɗai ake zurfafa gurbi, goga biyu a gwada.

Na huɗu tsawon tsirkiya. Saita ta a sake, danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa, jitar tana riƙe a jikinka, ba kwance a tebur ba. In sautin ya hau, ja sirdi baya, nesa da wuya. In ya sauka, turo shi gaba. Sake saitawa bayan kowane motsi. Idan masu kaurin sun ƙi zama, sautinsu yana kaɗawa a saman wuya, maganaɗisun fikof (abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi) ne ke jan su. Danne firet na ƙarshe, ka sauke fikof har ratar ta kai milimita 2 zuwa 2.5 a gefen masu kauri.

Sauran kuma hannu ne. Firet mai tsayi da tsirkiya siririya, danna kaɗan fiye da kima sai sauti ya hau. Yatsa ya zauna dab da bayan firet, da ƙarfin da zai hana zuza kawai.

Zafi da hunturu

Katakon jita ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, Sakkwato, Zinder ko Agadez, lokacin hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, damina kuma ta mayar da shi sama. Wuya yana tsukewa yana kumbura, lanƙwasarsa ta canza, notocin kunnuwa su sassauta, bakunan firet su fito suna kartar hannu. Don haka a sake auna lanƙwasar wuya a bi notoci da sifana sau biyu a shekara, farkon hunturu da bayan ruwa ya zauna. Da rani a ajiye jitar cikin jakarta a rufe, tare da soso mai ɗan danshi a cikin kwanon sabulu mai huji, a matse shi sosai kada ya ɗiga, a cire shi da damina. Ba a barin ta a but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka. Idan an fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa fili, a ba ta minti 15 zuwa 20 ta saba da iskar wurin, a ɗan murza tsirkiyoyin da tafin hannu su ɗauki ɗumi, sannan a saita.